Salon Maganar Turanci a Kan Gwada Sabon Abu: Tambayoyi da Amsoshi

Turanci cike yake da maganganun azanci da ake yi idan mutum zai taɓa abin da bai taɓa yi ba, ko sabuwar sana'a ce, ko aure, ko takara, ko ɗanɗana abincin da bai saba da shi ba. Littattafan koyon Turanci sukan jera su wuri guda, a ba su ma'ana ɗaya, ɗalibi ya haddace ya wuce. A nan gizo yake saƙar, domin ba ɗaya suke ba. Kowannensu yana sanar da mai sauraro abu biyu da ba a furta ba: girman kasadar da ke cikin lamarin, da kuma ko akwai hanyar komawa idan abin ya ƙi. Ga tambayoyin da masu koyo suka fi yi a kansu.

Malam, idan ina so kawai in ce "bari in gwada", wanne zan ɗauka?

Ka ɗauki "give it a try". Duk inda ake jin Turanci za a gane shi, kuma ba ya ɗauke da wata ɓoyayyiyar ma'ana. 'Yan'uwansa na kusa su ne "give it a go" da "have a go", waɗanda suka fi yawa a bakin mutanen Birtaniya da Ostareliya, sai "give it a shot" da Amurkawa suka fi so. Akwai kuma "give it a whirl", mai ɗan raha, wanda ake faɗa a kan abin nishaɗi irin sabon wasa a waya ko sabon girki. Dukkansu na ƙananan al'amura ne, inda in abu ya yi kyau madalla, in bai yi ba ba a rasa komai ba. Wanda ya sayar da gidansa ya zuba kuɗin a kasuwanci ba zai ce "I gave it a whirl" ba, don maganar ta yi wa lamarin kaɗan.

Idan abin yana da ɗan wuya kuma ba ka da tabbacin za ka iya, sai ka ce "have a crack at it" ko "take a stab at it". Malami ya rubuta lissafi a allo ya ce "Who wants to take a stab at it?", babu batun wuƙa a ciki. Tambaya yake yi wa zai gwada, ko da zai kuskure. Shi kuwa "try your hand at" ya fi dacewa da abin da ake koya da hannu ko fasaha, kamar ɗinki, kafinta, zane ko rubutun waƙa. "She tried her hand at tailoring" na nufin ta ɗan taɓa ɗinki don ta ga ko za ta iya. Ka lura cewa "your" yana sauyawa ya koma "my", "his" ko "her" gwargwadon mai yin aikin, kuma aikatau da ya biyo bayan "at" yana ɗaukar "-ing": "have a go at driving", ba "have a go to drive" ba.

Na ji wani Bature ya ce "My boss had a go at me." Gwada shi maigidan ya yi?

A'a, faɗa ya yi masa. A Turancin Birtaniya, idan abin da ya biyo bayan "have a go at" aiki ne, ma'anar gwadawa ce. Idan kuwa mutum ne, to an zazzage shi ne ko an caccake shi. Haka "take a shot at" yake a Amurka idan an ambaci mutum: an yi masa habaici ko an soke shi.

Me ya sa abokin aikina na waje bai ji daɗi ba da na ce masa "you tried"?

Wannan tambaya ta fi duk sauran shafar rayuwar yau da kullum, shi ya sa zan ɗan tsaya a kanta. A Turancin Najeriya, "you tried" ko "you have really tried" yabo ne cikakke, daidai da "ka yi ƙoƙari" da muke ce wa wanda ya yi bajinta. Mace ta yi girkin biki ya yi daɗi, a ce mata "you tried", ta ji an yaba. Amma a kunnen mutumin Ingila ko Amurka, maganar lallashi ce ga wanda ya faɗi: ka yi iya yinka, sai dai ba ka kai ba. Ka yi tunanin mutum ya shafe mako yana haɗa rahoto, ya gabatar, kowa ya gamsu, sannan ka zo ka ce masa ya dai gwada. "Nice try" ma ya fi wannan haɗari, domin sau da yawa ana faɗa wa wanda ya so ya yi wa mutum wayo ne aka gano shi.

Ba na ɗaukar yadda 'yan Najeriya suke amfani da kalmar a matsayin kuskure. Turancin Najeriya Turanci ne mai zaman kansa, har ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmominsa 29 a watan Janairun 2020, ciki har da "okada" da "danfo" da "Kannywood". Abin lura kawai shi ne da wa kake magana. Idan baƙo ne daga waje, ka ce "well done" ko "you did a great job".

Akwai bambanci tsakanin "try to do" da "try doing"?

Akwai, kuma Bahaushe ya fi kowa saurin kama shi, tunda muna da kalmomi biyu inda Bature yake da ɗaya. "I tried to open the window" shi ne na yi ƙoƙarin buɗe taga, wataƙila ta ƙi buɗuwa. "I tried opening the window" kuwa na buɗe ta ne don in gwada ko ɗakin zai yi sanyi. Na farko ƙoƙari, na biyu gwaji. Idan kana ba wa wani shawarar ya gwada sabuwar dabara, na biyun za ka yi amfani da shi: "Try drinking warm water."

Me ya sa maganganun nan da yawa suke ambaton ruwa?

Birtaniya tsibiri ce. Babu wani gari a cikinta da ya yi nisan kilomita 120 daga teku, kuma ɗaruruwan shekaru arzikinta da ƙarfinta a kan jiragen ruwa suke. Ga kuma wuraren ninƙaya na gwamnati da aka yi ta ginawa a biranenta tun ƙarni na 19. Don haka da mutanenta suka so kwatanta shiga abin da ba a sani ba, ruwa ne ya fara zo musu. Abin da ya sa nake son ɗalibi ya koyi waɗannan tare shi ne, a jere suke kamar matakala, daga gaɓa zuwa tsakiyar ruwa.

A gaɓa akwai "dip your toe in the water", wato ka tsoma ɗan yatsan ƙafa. Mai albashi da ya sayi buhu biyu na masara ya ajiye don ya ga yadda kasuwar hatsi take, yatsa ya tsoma. Kusa da shi akwai "test the water", wanda Amurkawa suka fi cewa "test the waters". Bambancinsu shi ne wannan ya fi karkata ga auna ra'ayin mutane. Ɗan siyasa da ya sa magoya bayansa su liƙa hotunansa alhali bai fito ya ce yana takara ba, ruwa yake gwadawa, yana so ya ji yadda jama'a za su karɓa. A duka biyun mutum yana iya janyewa ba tare da kowa ya ce ya faɗi ba.

"Get your feet wet" ya wuce nan. An shiga, an fara aikin na gaske, amma a inda ba zurfi. Sabuwar ma'aikaciyar jinya da aka ba ta marasa lafiya biyu kacal a makon farko, ƙafarta ake jiƙawa.

Sai "take the plunge", wanda shi ne ya fi kowanne nauyi a zuciya. Ba a faɗarsa sai ga wanda ya daɗe yana jan ƙafa, yana lissafi, yana tsoro, sannan rana ɗaya ya rufe ido ya tsunduma. Aure da ajiye aikin albashi don kafa sana'ar kai su ne wurare biyu da aka fi jin sa. Wanda bai taɓa yin shakka ba tun farko ba a ce masa "he took the plunge", don jinkirin nan da ya gabata wani ɓangare ne na ma'anar. Kullum da "the" ake faɗarsa, ba "a" ba.

Wuraren ninƙaya na zamani suna da gefe biyu, ɗaya ruwan iya ƙugu, ɗaya kuma ya shanye tsayin mutum. Daga nan aka samo "jump in at the deep end", wato mutum ya zaɓi ya fara da mafi wuya, da kuma "be thrown in at the deep end", inda wani ne ya jefa shi ba shiri. Ɗan bautar ƙasa da aka miƙa wa aji mai cike da ɗalibai a ranar da ya isa makaranta, ba wanda ya nuna masa komai, shi ne wanda aka jefa a zurfi. Daga nan sai "sink or swim": ko ka nitse ko ka yi iyo, ba mai miƙo hannu. Idan abin ya fi ƙarfin mutum, mutanen Birtaniya su ce "out of his depth", Amurkawa su ce "in over his head".

Gargaɗi ɗaya: "go off the deep end" ba ya cikin wannan jerin. Ma'anarsa mutum ya harzuƙa ko ya fita hayyacinsa.

"Learn the ropes" fa? Wace igiya ake koya?

Igiyoyin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Irin waɗannan manyan jirage suna da igiyoyi masu ɗimbin yawa, kowace da sunanta da aikinta, kuma sabon matuƙi dole ya san wacce zai ja ko da cikin duhu da hadari. Maganar "know the ropes" ta fito a rubuce a littafin tafiyar teku da Ba'amurke Richard Henry Dana ya wallafa a 1840. Yau ana nufin sanin makamar aiki a sabon wuri: wa ake kai wa takarda, yaya ake cika fom, wane ne ba a tsallakewa. Wanda ya nuna maka kuma "he showed me the ropes". Daga teku ne dai aka samo "uncharted waters", ruwan da babu shi a taswirar matuƙa, don kwatanta halin da ba wanda ya taɓa shiga balle ya ba da labari.

Idan ni ne na fara yin wani abu, zan iya cewa "I broke new ground"?

Ka fara tambayar kanka: sabo ne a wurinka, ko sabo ne a wurin kowa? Wannan rukunin na masu buɗe wa duniya hanya ne, kuma nan ne na fi ganin ana zuzuta ƙaramin abu da babbar magana, musamman a takardun neman aiki. Hoton da ke cikin "break new ground" na manomi ne da ya yi sassabe ya sa garma a ƙasar da ba a taɓa nomawa ba. Lokacin da kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa a Kenya a 2007, talakan da ba shi da asusun banki ya iya aika kuɗi ta ƙaramar wayarsa, wannan ya cancanci maganar. Wanda ya buɗe shagon cire kuɗi a unguwar da ke da irinsa goma ya yi abin kirki, amma ba sabuwar ƙasa ya fasa ba. Idan kuma aka cire "new" aka ce "break ground", to fara haƙa harsashin gini ake nufi.

"Blaze a trail" yana ruɗar mutane, don sun san "blaze" da ma'anar wuta mai ci. A nan ba wuta ba ce. Kalmar tana nufin farin tabo irin na goshin doki, sannan aka ara ta ga alamar da ake yi wa itace idan aka sare ɓawonsa farin ciki ya bayyana. Haka masu ratsa dazuzzukan Amurka suke yi don na baya su bi sawu, kamar yadda maharbi Daniel Boone da masu gatarinsa suka buɗe hanya ta mashigin Cumberland zuwa Kentucky a 1775. Saboda haka a cikin maganar akwai tunanin na baya. "Trailblazer" shi ne wanda ya fara, wasu suka samu hanya ta dalilinsa, shi ya sa ake yawan kiran mace ta farko a wani fage da wannan suna.

"Push the envelope" kuwa daga matuƙan gwajin jiragen sama ya fito. Injiniyoyi suna zana iyakar abin da jirgi zai iya jurewa na gudu da tsawo da nauyi, su kira wannan da'ira "flight envelope". Aikin matuƙin gwaji shi ne ya kai jirgin bakin iyakar, ya ɗan tura ta gaba. Irinsu Chuck Yeager ke nan, wanda ya fara wuce saurin sauti a jirgin Bell X-1 a hamadar California ranar 14 ga Oktoba 1947. Littafin Tom Wolfe na 1979 a kan waɗannan matuƙa ne ya fitar da maganar daga bakin ma'aikatan jirage zuwa bakin kowa. Shawarata ita ce a yi hattara da ita a ofisoshin Najeriya, inda "envelope", musamman "brown envelope", yake tuna wa mutane cin hanci. Wanda bai san maganar ba zai iya yi maka mummunar fahimta. "Push the boundaries" ya isar da saƙon ba tare da wannan ba.

Wanne ake faɗa idan babu sauran komawa baya?

"Cross the Rubicon". Rubicon ƙaramin kogi ne a arewacin Italiya, wanda a zamanin Rumawa shi ne iyaka tsakanin lardin da Julius Caesar yake mulki da ƙasar Italiya kanta. Doka ta hana janar ya ƙetare shi da rundunarsa. A watan Janairu na shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa, Caesar ya ƙetare, yaƙin basasa ya ɓarke. An ruwaito cewa a wurin ya furta maganar da Turawa suke fassarawa da "the die is cast", kwatankwacin bakin alƙalami ya bushe. Magana ce mai nauyi, ta jarida da siyasa, ba ta hirar shayi ba.

Akwai kuma "burn your boats", wanda ya fi yawa a Birtaniya, da "burn your bridges". Mai karatu zai tuna labarin Ɗariƙu bin Ziyad da aka ce ya ƙona jiragensa bayan ya ƙetara zuwa Andalus a 711. Masana tarihi da yawa suna shakkar labarin, domin bai bayyana a rubuce ba sai a wurin masanin labarin ƙasa al-Idrisi, bayan fiye da shekara 400. Hernán Cortés, jagoran mayaƙan Sifaniya, kuwa tabbas ya lalata jiragensa a gaɓar Meziko a 1519, sai dai nutsar da su ya yi, ba ƙonawa ba. A Turancin yau "burn your bridges" ya fi nufin ɓata dangantaka. Wanda ya zagi maigidansa a ranar da zai bar aiki ya ƙona gadarsa, kuma yawanci gargaɗi ake yi da shi: "Don't burn your bridges."

Jaridun Najeriya suna yawan rubuta "throw his hat in the ring" lokacin zaɓe. Daga ina?

Daga damben Turawa na da, inda mai son ya kara da gwani yake jefa hularsa cikin fage. Theodore Roosevelt, wanda ya shugabanci Amurka daga 1901 zuwa 1909, shi ya shahara da ita a siyasa, lokacin da ya ce "My hat is in the ring" a watan Fabrairun 1912 da zai sake neman kujerar. Bai ci ba, Woodrow Wilson ne ya lashe zaɓen. Maganar tana nufin fitowa fili a shiga gasa, wato kishiyar "test the waters".

Abokan tafiyarta a jarida su ne "hit the ground running", wato a fara aiki gadan-gadan tun ranar farko ba tare da neman lokacin koyo ba, da "step up to the plate", daga wasan besbol na Amurka, wato mutum ya fito ya ɗauki nauyi a lokacin da ake buƙatarsa.

Idan tsoro ya kama mutum a bakin gaɓa fa?

"He got cold feet." Mu gwiwa ce take yi mana sanyi, su ƙafa. Sharaɗinsa shi ne mutum ya riga ya amince, an sa rana, sannan ya karaya dab da lokacin, shi ya sa aka fi jin sa a kan ango ko amarya da mai zuba jari. Wanda ya ƙi tun farko ba a ce ƙafarsa ta yi sanyi ba.

Kishiyarsa "bite the bullet", a cije a yi abin da ba a so amma ya zama dole, kamar zuwa cire haƙori ko biyan bashin da aka daɗe ana kauce wa. Labarin da aka fi bayarwa shi ne na sojan da ake ba harsashi ya ciza yayin da ake yi masa fiɗa ba maganin kashe zafi. Ka lura wannan ba na abin sha'awa ba ne. Ba a cewa an ciji harsashi an tafi yawon buɗe ido.

Wanda kuma ya ɗauki Dala ba gammo, shi ne "he bit off more than he could chew". A Najeriya ana yawan yar da "off" ɗin a ce "bite more than you can chew". A hira ba wanda zai tsayar da kai, amma mai duba jarrabawa zai ja masa jan layi.

An gwada, abin ya ƙi. Me ake cewa?

Ya danganta da abin da ya rage a hannu. "Back to the drawing board" na nufin tsarin ne ya gaza, a koma a sake zane, kuma akwai fata a cikinsa. Asalinsa wani zanen barkwanci ne na Peter Arno a mujallar New Yorker a 1941: jirgin soja ya faɗo, kowa yana rugawa wurin, shi kuwa injiniyan da ya ƙera shi ya juya da takardunsa a hammata yana cewa a koma teburin zane.

"Back to square one" ya fi ɗaci, daidai da an koma gidan jiya, duk wahalar ta tashi a banza. Za ka ji ana cewa ya samo asali daga sharhin ƙwallon ƙafa na rediyon BBC a 1927, lokacin da ake buga hoton fili da aka raba gida takwas don masu sauraro su bi wasan. Masana asalin kalmomi ba su gamsu ba, saboda maganar ba ta bayyana a rubuce ba sai a shekarun 1950, kuma sun fi danganta ta da wasanni irin na maciji da tsani, wanda ake samu a bayan allon ludo.

"Start from scratch" shi ne farawa ba tare da komai a hannu ba. "Scratch" ɗin layi ne da ake ja a ƙasa a wurin tsere, kuma wanda ya tashi daga kan layin ba a ba shi ko taku ɗaya na rangwame ba. "Turn over a new leaf" kuwa ba na gwada sabon abu ba ne sam, ko da yake ana yawan cusa shi a ciki. Sauya hali ne daga mummuna zuwa kyakkyawa, kuma "leaf" ɗin shafin littafi ne, ba ganye ba.

"Guinea pig" shi ne zakaran gwajin dafi?

A asali sun yi kusa ƙwarai. Wannan dabba, da ake kira ɓeran Masar, daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka take, kuma masu bincike sun daɗe suna gwaji a kanta. Likitan Jamus Robert Koch ya yi amfani da ita a binciken da ya kai shi ga gano ƙwayar cutar tarin fuka a 1882. Sai dai a Hausar jarida ta yau, zakaran gwajin dafi yakan zo da ma'anar abin da za a auna saura da shi, wani lokaci har da yabo. "Guinea pig" ba ya ɗaukar yabo. Tsakanin abokai ana iya yin raha da shi, mace ta ce wa ƙawayenta su ne za su fara ɗanɗana sabon girkinta. A wajen raha kuwa zargi ne mai nauyi, cewa an yi gwaji a kan mutane ba da cikakken saninsu ba. Da wannan kalma jaridu da yawa suka yi maganar yaran Kano kusan 200 da kamfanin Pfizer ya sa a gwajin maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka rasu. Kamfanin ya musanta aikata laifi, aka yi shari'a, aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda ya san wannan tarihi ba zai jefa kalmar ko'ina ba.

Akwai waɗanda suke da alaƙa da addini?

Biyu sun fi fitowa. "Baptism of fire" yana komawa ga kalaman Yahaya mai Baftisma a Linjilar Matiyu 3:11, daga baya sojoji suka ara suna nufin ranar farko da soja ya shiga fagen fama. Yanzu duk farawa mai tsanani ana kiran ta haka, kamar mai tsaron gida da wasansa na farko ya faɗo a kan ƙungiya mafi ƙarfi. "Leap of faith" kuma ana danganta shi da tunanin Søren Kierkegaard, masanin falsafa ɗan Denmark na ƙarni na 19, kuma yana nufin yin abu bisa yarda ba tare da hujja a hannu ba. Masu faɗarsu a yau ba addini suke nufi ba. Wanda ransa bai kwanta da su ba yana da madadi: "thrown in at the deep end" a gurbin na farko, "take a chance" a gurbin na biyu.

Zan iya ce wa mahaifina "you can't teach an old dog new tricks" idan ya kasa sarrafa waya?

Kada ka kuskura. A wurin Bature kare abokin zama ne, kuma karin maganar ya fito ne daga horar da karnukan kiwon tumaki, har yana cikin wani littafin noma na Ingila na ƙarni na 16. Duk da haka su ma sun fi faɗarsa a kan kansu, tsoho ya ce haka don a ƙyale shi. A wurinmu haɗa dattijo da kare a jimla ɗaya zagi ne, ko da wane harshe aka yi. Ni ban ma yarda da abin da maganar take cewa ba. "It's never too late to learn" ya fi gaskiya, kuma shi ne ya yi daidai da gemu ba ya hana ilimi.

Su nawa zan zuba a jarrabawa don in burge mai dubawa?

Ka bambanta ganewa da amfani. WAEC da NECO da JAMB suna kawo tambayoyin da ake ba ka jimla mai salon magana a ce ka zaɓi ma'anarta, kuma kusan kullum akwai zaɓi ɗaya da ya fassara kalmomin kai tsaye don ya kama marar sani. A nan yawan sani yana da amfani. A rubutun insha'i kuwa, ɗaya ko biyu da suka zauna daidai sun fi goma da aka cusa. Wasiƙa zuwa ga aboki tana ɗaukar "give it a go", wasiƙa zuwa ga kwamishina ba ta ɗauka, a can "attempt" ko "undertake" ake so.

Haka IELTS, jarrabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a waje. A ɓangaren magana, wanda yake ɗaukar minti 11 zuwa 14, sharuɗɗan samun maki 7 sun ambaci iya amfani da wasu kalmomin azanci, don haka "I decided to take the plunge" a inda ya dace zai taimaka. A aiki na biyu na ɓangaren rubutu, mai aƙalla kalmomi 250, kuwa harshen ilimi ake nema, gara a bar su. Kuma kada a sauya musu kalma ko ɗaya. "Test the river" ko "take the dive" ba su da ma'anar da kake nufi.

Wani ya gaya mini zai fara sabon abu. Me zan ce masa da Turanci?

Inda mu za mu ce Allah ya sa albarka, su sukan ce "good luck", "best of luck" ko "all the best". Idan yana shakka kana so ka ƙarfafa masa gwiwa, "go for it", ko karin maganar nan "nothing ventured, nothing gained", wanda yake kusa da sai an gwada akan san na ƙwarai. "More grease to your elbow" da aka saba ji a Najeriya, a Birtaniya "more power to your elbow" ne, kuma can ya zama tsohon yayi.

Wanda yake firgita mai koyo shi ne "break a leg". Ba mugun baki ba ne. 'Yan wasan kwaikwayo na Turai da Amurka suna da camfin cewa yi wa mutum fatan sa'a kafin ya hau dandamali yana jawo akasi, sai suke faɗin kishiyarsa. Idan an faɗa maka, amsar "thank you" ce kawai. Ana faɗa wa mai shirin wasa ko waƙa ko jawabi a gaban jama'a. Ba a faɗa wa mai shirin tafiya, ko mai zuwa gwajin tuƙi, ko wanda za a shiga da shi ɗakin fiɗa. Matafiyi "safe journey" ake ce masa, marar lafiya kuma "I hope it goes well".